Raunin kai da ke ci a ɓoye

Idan ɗan acaɓa ya faɗi kansa ya bugu, ɗinke fata ba shi ne ƙarshen magana ba. Bugun kan fasa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, sai ƙwayoyin garkuwarta, maikurogiliya, su tashi kwashe abin da ya lalace. Wani lokaci ba sa lafawa: a 2011 masu bincike a Landan sun same su a farke shekara 17 bayan rauni. Kumburin da wannan farkawa ke haddasawa na iya cin jijiyoyi sannu a hankali, ya taimaka wajen kawo mantuwa ko farfaɗiya. Mu riƙa sa hular kwano. Wanda halinsa ya sauya bayan faɗuwa, a mayar da shi wurin likita.