Makin Da Ba A Son Tarawa

Yau zancenmu a kan tuƙi ne, da takardar laifi da a ke ba direba a hanya. Kada wani ya ce shi manomi ne, ba ruwansa. A cikinku akwai masu babur. Akwai waɗanda 'ya'yansu ko ƙannensu ke jan mota daga nan Bukkuyum zuwa Gummi, ko Anka, ko Gusau. Wanda ba ya tuƙi ma, ai ana tuƙa shi.

A nan aji, in malam ya duba aikinka ya ba ka maki mai yawa, sai ka yi murna. To, akwai wani irin maki wanda ba a murna da shi. Shi ne makin laifi da a ke rubuta wa direba.

Masu rubuta shi su ne ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, waɗanda mu ke kira 'yan Rod Sefti. An kafa hukumar a 1988, aka sabunta dokarta a 2007. A cikin dokar an jera laifuffukan hanya ɗaya bayan ɗaya. Kowane laifi an yanka masa tara, an kuma yanka masa maki. Ga kaɗan daga ciki:

Hawan babur ba hular kwano, maki 2.
Tuƙi ba a ɗaura bel ba, maki 2.
Gudu fiye da ƙa'ida, maki 3.
Wuce wata mota inda bai kamata ba, maki 3.
Magana da waya ana tuƙi, maki 4.
Tuƙi cikin maye, maki 5.
Lodi fiye da kima, maki 10.
Tuƙin ganganci, maki 10.

Ku lura da kyau, tara daban, maki daban. Tara kuɗi ne, in ka biya ka gama da ita. Maki kuwa a kan lasinka a ke rubuta shi, na yau ya hau kan na jiya. Bisa ƙa'ida, wanda ya tara maki 10 zuwa 14 za a yi masa gargaɗi. Wanda ya tara 15 zuwa 20 za a dakatad da shi daga tuƙi na wani lokaci. Wanda ya kai 21 ko fiye, sai a karɓe lasin, a hana shi tuƙi.

Bari mu yi lissafi tare. A ce wani direba ya taso daga kasuwar Nasarawar Burkullu. Ya cika mota da buhunan gero, ya kuma ɗora mutane bisa kaya. Aka tsai da shi, maki 10. Tun daga laifi ɗaya ya isa gargaɗi. Wata rana aka gan shi da waya a kunne, 4, sun zama 14. Ya ƙi ɗaura bel, 2, sun zama 16. Ke nan ya shiga sahun waɗanda a ke dakatarwa. In ya ƙara gudu fiye da ƙa'ida da wuce mota a kwana, 3 da 3, sun zama 22. Lasin ya tafi. Lasin kuwa shi ne fartanyar direba. Ranar da aka karɓe shi, da me za a ci da iyali?

To, in an ba ka takardar laifi, me za ka yi?

Da fari, ka kwantar da hankalinka. Kada ka yi zagi, kada ka ɗaga hannu. Dukan ma'aikaci laifi ne mai maki 10. Kada kuma ka miƙa masa wani abu a ɓoye, gama neman ba shi hanci shi ma maki 10 ne. Mutum ya zo da laifi mai maki 2, ya koma da 12, ina riba?

Na biyu, ka karanta takardar. Nan ne ranar karatunku. Ka duba sunanka, da lambar mota, da kwanan wata, da laifin da aka ce ka yi. Wanda bai iya karatu ba, sai abin da aka faɗa masa. Wani ɗan kamasho ya ce masa, "Kawo in biya maka," ya faɗi ninki biyu, ya tafi da saura.

Na uku, ka zaɓi hanya. Hanya biyu ce. In ka san ka yi laifin, ka je banki ka biya tarar cikin asusun gwamnati. Ba a biya a hannun ma'aikaci a bakin titi. Ka karɓi rasit, ka kai ofishin hukumar, ka saurari wa'azin da su kan yi wa masu laifi, sa'an nan ka karɓi takardunka da aka riƙe. In kuwa ka tabbata ba ka yi ba, kana da ikon zuwa gaban alƙali ka faɗi naka. Amma ka sani, biyan tara kamar amsa laifi ne. Saboda haka ka yi tunani kafin ka biya.

Na huɗu, kada ka jefad da takardar, ka ce ai an manta. Yanzu lasin kowa yana cikin kwamfuta, da sunansa da hotonsa. Rasit ma ka adana shi tare da takardun gona, don wata rana shi ne shaidarka.

Na biyar, ka riƙa lissafin makinka da kanka. Ka sami ɗan littafi, ka rubuta rana da laifi da maki. In ka ga ka kusa 10, ka san lokacin gyara hali ya yi. A cikin gari kada ka wuce kilomita 50 a awa. Ƙaramar mota a babbar hanya irin tamu, iyakarta 80. In waya ta yi ƙara, ka tsaya gefe tukuna.

Jama'a, ba don a ƙuntata wa direba aka yi wannan doka ba. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima ba ta jin birki da wuri. Waɗanda ke bisa kayan nan kuwa iyayenmu ne da 'ya'yanmu. Rigakafi ya fi magani.

In kun koma gida, ku karanta wa direbobinku wannan darasi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.