Aikin Yana Aboabo

Shugaban taro, malamaina, iyaye da ƙannena na Sabonjida, na gode da gayyata. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in shiga magana.

Kun san halin da ake ciki. Jami'ar UDS da Jami'ar Fasaha ta Tamale suna yaye ɗalibai duk shekara, ga kwasa-kwasan wata uku, ga shirin One Million Coders da gwamnati ta ƙaddamar a 2025. Masu ƙera shafin intanet sun yi yawa, aiki ya yi wuya. Rigimata da abokan aikina masu koyarwa ta daɗe: muna sa yara su buɗe asusu a Upwork da Fiverr su zauna jiran Bature. A can ɗan Sabonjida zai kara da gwanaye daga Indiya da Pakistan waɗanda suka shekara suna tara yabon abokan ciniki, shi ko ɗaya ba shi da shi. In ma ya dace, karɓar kuɗin wani aiki ne, tunda PayPal ya shafe shekaru bai yarda da asusun Ghana ba.

Kwanan baya wani ɗalibina ya buɗe mini kwamfutarsa yana alfahari. Shafuka uku: gidan fiza, wurin motsa jiki, otal a bakin teku, farashi duk da dala. Hannunsa na da kyau, wallahi. Na ce masa, "Ɗana, a cikin ukun nan wa ya taɓa biyan ka ko sidi ɗaya?" Ya yi shiru. Mahaifiyarsa man kaɗanya take sayarwa a kasuwar Aboabo, bai taɓa tunanin ita ce abokiyar cinikinsa ta farko ba.

Hujjata cewa aikin yana nan gida ita ce MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma a nan zan daɗe. MTN ta kawo shi Ghana a 2009. A 2018 aka haɗa layukan, kuɗi ya riƙa ƙetarawa daga wannan kamfani zuwa wancan. A 2022 aka ɗora masa harajin E-Levy, kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025. An yi ƙorafi sosai, amma iyayenmu mata ba su koma ƙulle kuɗi a bakin zane ba. Abin da ya fi wuya a cinikin intanet, wato mutum ya yarda ya biya wanda bai gani ba, an riga an gama mana shi.

To, ku tsaya bayan mai man kaɗanyar nan ranar da ciniki ya yi zafi. Ɗan Kumasi ya turo kuɗi, 'yar Akra ta turo hoton rasit, ita kuma tana ta jan allon waya da yatsa mai maiƙo tana neman wa ya biya nawa, wa za a kai wa kaya tasha. Nan aikinku yake. Shafi ɗaya mara nauyi, wanda zai buɗe a ƙaramar Itel ba tare da ya cinye data ba, ga farashi da sidi, ga maɓallin biya ta Paystack ko Hubtel, kowace oda da sunan mai ita. Masu ɗinka fugu, makarantun kuɗi, shagunan magani, duk ciwonsu ke nan.

Za a ce WhatsApp ya isa, ko Wix da ƙirƙirarriyar basira za su yi aikin kyauta. Su zo Aboabo su zauna da Hajiya mai man kaɗanya su yi mata bayani da Dagbani ko Hausa, mu gani.

Abin da na daɗe ina roƙo bai canza ba. Kada makaranta ta ba yaro takardar shaida sai ya kawo shafin da wani ɗan kasuwa na gaske ya karɓi kuɗi ta kansa. Ƙungiyoyin agaji da suka cika Tamale su daina kai kwangilar shafukansu Akra alhali ga yaranmu a bakin ƙofa. Ku kuma samari da 'yan mata, ku bar yanka wa ɗan kasuwa dunƙulen kuɗi sau ɗaya ku ɓace. Ku karɓi kaɗan duk wata, ku riƙa sabunta farashi da hotuna, in shafi ya tsaya ranar Juma'a a kira ku ku ɗauka.