Wa Ke Ba da Labarin Ƙauyukan Ƙasar Zuru?

 

An ce in yi magana a kan zaman ƙauye da yadda labarinsa ke yawo. Bari in fara da kiran wasu sunaye: Koro, Kimpi, Gaya, Dimi, Zutu, Rafin Gora. Kafin watan Yunin 2021, in ka bar ƙasar Zuru da wuya ka haɗu da wanda ya taɓa jin ɗaya daga cikinsu. A farkon watan nan 'yan bindiga suka afka wa waɗannan ƙauyuka na ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, 'yan sanda suka ce an kashe mutum 88. Nan da nan sunayen suka shiga gidajen rediyo da jaridun duniya, waɗanda ba su taɓa taka ƙasarmu ba suna ta fama da furta su. Bayan 'yan kwanaki aka wuce wurin. A watan Maris na 2022 aka sake waiwayo mu, da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe fiye da 60. A ranar 17 ga Nuwamban 2025 kuma sunan Maga ya karaɗe duniya, saboda an shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta garin an kwashe ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ƙauyenmu ba ya shiga labarai sai da gawa. Mutanen Koro sun yi shekara da shekaru suna noma, suna aure, suna bikin suna, suna sasanta rigimar iyakar gona a gindin bishiya, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Ran da aka kashe su ma, adadi aka rubuta. Mutum 88. A cikinsu wa ke da maƙera? Wace ce ke karɓar haihuwa? Wa ya bar marayu nawa, kuma a hannun wa suke yau? Danginsu sun sani. Mu da muka yi karatu, muke riƙe da alƙalami da waya, ba mu adana ba.

Kada wani ya ɗauka cewa ƙauye bai san hanyar isar da labari ba. Ya sani tun kafin a kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, tun kafin Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957. Duk wanda ya tashi a ƙauye a cikinmu ya san lokacin da sankira ke fitowa: bayan an dawo daga gona, hayaƙin girki ya tashi, kaji sun fara hawa. Sai ka ji ganga ko ƙarfe, mata su tsayar da taɓarya, uba ya daka wa yara tsawa su yi shiru. Mai gari na gaisuwa, gobe kowane gida ya fito da mutum ɗaya da fartanya za a gyara hanyar rafi. Ko an tsinci akuya, mai ita ya zo da shaida. Ko masu rigakafi na tafe, kada a ɓoye yara. Ku lura da abu guda: kowa ya san bakin da maganar ta fito, ya san wanda ya aiko shi. In ƙarya ce, an san ƙofar da za a je a tsaya.

A ƙasarmu kuwa akwai ƙarin hanyoyi. Samarin Lelna da ke golmo, suna noma wa surukai shekara bayan shekara, har bakwai a al'adar da, ba ƙarfinsu kaɗai suke kaiwa gonar ba. Suna tafe ƙungiya guda daga wannan gona zuwa waccan, daga wannan unguwa zuwa waccan, sun san gidan da dawa ta yi kyau, da gidan da ƙuduji ya cinye gona, da tsohon da ciwo ya kwantar har ya kasa shiga tasa gonar. Kafin dagaci ya ji, sun ji, wani lokaci ma sun riga sun kai gudummawa. Bayan kaka sai bikin Uhola ya tara kowa, na gida da na nesa, a ga wanda ya girma, a ji wanda ya rasu, a yaba wa mai ƙwazo, a yi wa mai halin banza shaguɓe a gaban jama'a. Ga kasuwannin mako, ga tasha, ga sanarwar bayan Juma'a da ta ranar Lahadi. Ga kuma sojoji. Ƙasar da ta haifi su Janar Ishaya Bamaiyi da Janar Tanko Ayuba da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami ta haifi dubban kurata waɗanda ba a san sunansu ba sai a ƙauyukansu. Su ne ke dawowa hutu da rediyo a rataye, su ne wasiƙunsu ke zuwa a kai wa malamin firamare ya karanta wa tsohuwa. Ta haka ƙauyen da mota ba ta shiga ya san Legas, ya san Enugu, ya san Laberiya.

A saman wannan duka akwai tsanin sarauta: mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, magana ta isa Dabai ko Danko ko Wasagu ko Fakai ko Sakaba, daga nan ta hau fada. Baƙo ba ya kwana a gari ba tare da an san daga inda ya fito ba.

Rashin tsaro ya karya yawancin waɗannan hanyoyi, kuma wannan ɓarna ce da ba a cika lissafa ta ba. Ƙauyen da ya watse ba shi da sankira. Mutanensa na raɓe a Ribah ko Dirin Daji ko cikin garin Zuru, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye, dagacinsu ma baƙo ne a garin wani. Kasuwar da aka daina ci ta tafi da labaran da ake musaya a cikinta. Mafi muni shi ne tsoron infoma. Mutum ya ga babura da dama sun gifta ta bayan gonarsa da asuba, ya dawo gida ya yi gum, don bai san kunnen da maganarsa za ta faɗa ba. A da baki shi ne garkuwar ƙauye, yau mutane na tsoron bakinsu.

Sai waya ta zo ta cike gurbin, kuma ba zan raina ta ba. Ta ceci rayuka. Na ga yadda ake yi a ƙauyukanmu: rumfar mai caji da faranti guda na hasken rana, wayoyi jere a kan tebur kowace da ɗan ƙyalle ko takarda mai sunan mai ita, wani tudu ko gindin wata bishiya da kowa ya san nan ne sabis ke kamawa, da yamma ka tarar da mutane tsaye kowa ya ɗaga hannu sama. Daga irin wannan wuri ake kiran ɗan'uwa a ce ku tashi, ga su nan sun nufo ku. Da aka katse layukan waya a maƙwabciyarmu Zamfara a watan Satumban 2021, kowa ya ga yadda rayuwa ta rataya a kan wannan 'yar na'ura.

Amma saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ba shi da uba. Wani ya ce an ce, a tura wa zaure goma cikin minti biyar, gari ya tashi cikin dare, masu ciki da tsofaffi su kwana a daji, gari ya waye babu komai. In aka yi haka sau uku, ran da gaskiyar ta zo babu mai motsawa. Ana turo hoton gawarwaki daga wata ƙasa a ce a Bena ne. Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne saƙon da ke kiran sunan ƙabila. Ƙasar Zuru gida ce ga Lelna da Fakkawa da Dukawa da Kambari da Acifawa da Hausawa da Fulani. A gida ɗaya sai ka samu Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya suna ci a akushi ɗaya. Wannan ita ce dukiyarmu mafi tsada, kuma saƙo ɗaya na ƙarya zai iya cinna mata wuta. Bafulatanin da aka kore masa shanu, aka sace masa ɗa, shi ma labarinsa na ƙasar nan ne, kuma ba kasafai ake jin sa ba.

Ga wani abu da nake so mu tsaya a kansa. Hari ba ya faɗowa daga sama. Kafin ya zo akwai alamu, kuma alamun nan su ne labarin gaskiya na ƙauye: an bar gonakin nesa an koma noman bayan gida, an sa wa wani gari harajin girbi, malamai sun daina kwana a makaranta, direbobi sun daina bin wata hanya bayan la'asar, kuɗin buhun dawa ya tashi a lokacin da ya kamata ya sauka. Game da Maga, Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya faɗa wa duniya cewa an samu bayanin yiwuwar harin tun kafin ya auku. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma sai in abin da kunnen ya ji ya isa inda za a yi aiki da shi, kuma jama'a sun san an ji, yadda za su iya tambayar me aka yi. Yawancin wakilan manyan kafofin labarai na jihar nan suna Birnin Kebbi ne, tafiyar awoyi daga nan, kuma duk wanda ya bi hanyar Koko zuwa Mahuta zuwa Dabai ya san ba tafiyar da ake yi don labarin tsadar taki ba ce. Ba na zarginsu. Ina cewa ne aikin namu ne.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. A Jamhuriyar Nijar an buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare a 1999, ƙaramin gari a yammacin ƙasar, yau kuma irinsa sun haura ɗari. Ƙananan tashoshi ne, da yawansu da hasken rana suke aiki, mutanen gari ke tafiyar da su da harshen da ake yi a garin. Mu a Najeriya sai a 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 a faɗin ƙasar baki ɗaya. Mun makara, amma ƙofar a buɗe take, kuma masarauta mai ƙananan hukumomi huɗu, mai manyan hafsoshi da 'yan boko da 'yan kasuwa a kowane birni, ba za ta ce ta kasa ɗaukar nauyin tasha guda ba.

Abin da nake hange tasha ce ta jama'a, ba ta gwamnati ba, ba ta ɗan siyasa ba. Da safe a faɗi farashin dawa da masara da wake a kasuwannin Zuru da Ribah da Mahuta, don kada ɗan kasuwa ya tari mace a hanya ya saye mata hatsi da rabin kuɗinsa. A faɗi kwalbatin da ruwa ya cinye, da asibitin da ba ungozoma, da ranar rigakafin shanu. A yi sanarwar rasuwa da ta aure, don wanda ya yi gudun hijira ya san halin da danginsa ke ciki. A yi da C'Lela da Hausa da Fulatanci da sauran harsunanmu, domin tsohuwar da ke Senchi ko Tadurga ta ji da harshen da take mafarki da shi. A ba mata makirufo su ma. Su ne suka fi kowa sanin abin da ya rage a rumbu da yaron da ya rame. Abin da ya shafi motsin jami'an tsaro kuwa, ba na iska ba ne, wannan ya bi ta hannun hakimi zuwa inda ya dace. In jita-jita ta tashi, a samu murya guda da aka sani, wadda za ta ce mun kira dagacin garin, ga abin da ya ce.

Ma'aikatan ma muna da su. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a nan Zuru a 2020 cike take da 'ya'yan waɗannan ƙauyuka. Malamai, ina roƙonku: ɗalibin da zai yi aikin bincikensa na ƙarshe, ku tura shi garinsu ya rubuto gonaki nawa aka bari, iri nawa na dawar gargajiya ya ɓace da aka gudu aka bar rumbuna, me ake shukawa yanzu a maimakonsa. A ajiye a ɗakin karatu, a kuma ba dagacin garin kwafi.

Lasisi zai ɗauki lokaci, kuɗi ma sai an tara. Akwai abin da ba ya jiran ko ɗaya, shi ne roƙona gare ku iyayenmu hakimai, Allah ya ƙara muku lafiya. A ba kowane dagaci littafi mai bango mai ƙarfi, a haɗa shi da malamin makaranta ɗaya amintacce. A rubuta haihuwa da rasuwa, da ranar da ruwan shuka ya sauka, da yadda kaka ta kasance. A rubuta duk wanda aka kashe ko aka sace da cikakken sunansa, da sunan mahaifinsa, da sana'arsa, da waɗanda ya bari. Ƙauyukan da suka watse a fara da su, a bi mutanensu inda suke zaune tun tsofaffin da suka san iyakokin gonaki suna raye, domin ran da za a koma gida rigimar farko a kan iyaka za ta tashi. Ina roƙon shugaban wannan zama ya sa maganar littafin nan cikin abubuwan da za a miƙa wa majalisar masarauta, kuma a sanya ranar da za mu dawo mu ji inda aka kwana.

 Allah ya ba ƙasarmu lafiya.