Magani Ba Kamar Sauran Haja Ba Ne: Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Shugaban ƙungiya, dattawanmu, malamai, iyayenmu mata, da 'yan'uwa fatake da suka taso daga Mai Wurno, Sinja, Damazin, Wad Madani da ƙauyukan Jazira, barkanmu da ganin wannan rana. Lissafin shiga da fita an raba muku shi a rubuce. Mun nemi izinin shugabanni mu yi magana kan haja guda da ba ta cikin littafinmu, amma ta soma shiga lodinmu, wato magani.

Kakanninmu sun sauka a bakin kogin Nilul Azrak bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, ruwan magudanai ya kawo abinci, ya kuma kawo sauro da tsargiya. A 1979 gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya sun kafa shirin lafiya na Nilul Azrak don yaƙar waɗannan cututtuka. Ya yi aiki kimanin shekara 10, da ya tsaya zazzaɓi ya dawo. A farkon shekarun 1990 aka soma karɓar kuɗi a asibitocin gwamnati. Inshorar lafiya ta ƙasa a jihar Sinnar ta fara a 1995, amma har yau manoma da 'yan kasuwa da yawa daga aljihu suke biya.

Sai yaƙin 15 ga Afrilu 2023. Masana'antun magani na Khartum da Bahri suka tsaya. Wad Madani, inda likitoci da marasa lafiya suka fake, ta faɗi a Disamba 2023, Sinja ta bi a Yuni 2024, a Agusta aka ayyana ɓarkewar kwalara. A waɗannan watanni wa ya riƙe ƙauyukanmu? Mai saidaliyya, wato shagon magani, da mai ɗakin gwajin jini, da ungozoma, da direban lorin da ya ɗauko kwali daga Bur Sudan ta Gadarif, ko daga Habasha ta Galabat. Idan kun ji ana maganar hannun 'yan kasuwa a harkar lafiya, waɗannan ake nufi, mu ma muna ciki.

Sai dai buƙata ta buɗe ƙofa ga jabu. Buhun sukari in ya lalace, mai saye yana gani da idonsa. Allurar zazzaɓin cizon sauro in jabu ce, ba a ganewa sai yaro ya soma suma. Insulin na masu ciwon sukari, da allurar tsayar da jini bayan haihuwa, sanyi suke so. In suka yi kwana uku a saman lori cikin rana, kwalba na nan kamar sabuwa amma ƙarfin ya ragu. Wanda ya ɗauko ya ci ribarsa ya wuce, makoki kuwa a gidan ɗan'uwansa za a yi.

Saboda haka muke kawo wa taro shawarwari huɗu.

Na ɗaya, kada ɗan ƙungiya ya ɗauki kwalin magani sai da rasidin kamfanin sari mai lasisi, da sunan saidaliyyar da za a kai wa. A duba ranar ƙarewar aiki kafin a ɗora. Maganin da hukumar magunguna ta ƙasa ba ta yi wa rajista ba, a bar shi a bakin iyaka ko da kyauta ne.

Na biyu, mu haɗa jari mu kafa asusun magani mai juyawa. Ba sabon abu ba ne: ministocin lafiya na Afirka sun amince da irinsa a Bamako a 1987, an kuma fara shi a Khartum a 1989 da taimakon Save the Children. Ana saro magani da yawa a kan araha, a ba saidaliyyar ƙauye, a ɗora riba kaɗan, kuɗin ya dawo a sake saro wani. Mu fatake mun san abin da ke kashe irin wannan asusu: bashi da faɗuwar fam. Don haka farashi ya bi kuɗin sarin gobe, ba na jiya ba, kuma a karanta lissafi duk wata.

Na uku, a ware akwati daban na zakka da sadaka don wanda ba shi da hali. Kada a sallami uwa da yaro mai zazzaɓi hannu wofi, kada kuma tausayi ya cinye uwar kuɗi.

Na huɗu, firji mai aiki da hasken rana ga kowace saidaliyya da ta shiga tsarin, ta biya mu sannu a hankali. Sharaɗi shi ne mai takardar aikin magani ya tsaya a shagon, kuma a yi gwajin jini kafin a ba da maganin zazzaɓi.

Wannan ba ya sauke wa gwamnati nauyinta. Rigakafin yara, ruwan sha mai tsabta, feshin sauro da babban asibiti aikinta ne, ba ɗan kasuwar da zai iya. Roƙonmu ga ma'aikatun lafiya na Jazira, Sinnar da Nilul Azrak shi ne su sauƙaƙa ba da lasisi a ƙauyuka, su riƙa turo masu duba shaguna, inshora kuma ta riƙa biyan saidaliyya a kan lokaci.

Dattawa, sunan da iyayenmu suka bar mana a kasuwannin ƙasar nan shi ne riƙon amana. Muna roƙon a yanke hukunci kan shawarwarin nan kafin a tashi, a kuma zaɓi waɗanda za su riƙe asusun, har da iyayenmu mata, don su ne ke kwana da marasa lafiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da Sudan lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.