Jawabin Kwamitin Tarihi: Takardun Garin Kaduna a Shekarun Yaƙin Basasa



Aikin da aka ba mu shi ne tattara tarihin shekara hamsin na wannan ekklesiya. Amma iyayen da suka kafa ta mutane ne da suka ga yaƙin basasa da idonsu, saboda haka ya zama dole mu koma baya kaɗan, mu nemi takardun garin Kaduna na waɗannan shekaru.

Abin da gwamnati ta yi ba shi da wuyar samu. A ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa zuwa jihohi 12, Kaduna ta tashi daga hedkwatar Arewa duka ta zama ta Jihar Arewa ta Tsakiya. An fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967, aka ajiye makamai a Janairu 1970. Duk mai so zai iya bin wannan cikin tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ko ya je Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House, dukansu a nan garin.

Abin da ya yi wuya shi ne labarin talaka. Shi yana cikin ƙananan takardu. Ku duba rajistar baftisma ta tsofaffin majami'u: sunayen 'yan'uwanmu na Gabas suna nan jere har zuwa kashe-kashen 1966, sai su ɗauke, ba sa dawowa sai bayan yaƙi. Magatakarda bai rubuta dalili ba, ya dai ci gaba da layi na gaba. Akwai kuma rasit na kuɗin haya, a fam da sule, domin naira sai 1973 ta zo, waɗanda amintattu suka riƙa ajiyewa saboda mai gidan da ya gudu.

Sai wasiƙun sojoji. Samari da yawa daga Kudancin Zariya, Filato, Binuwai da Zuru sun shiga soja ta Kaduna. Uwar da ba ta iya karatu ba takan kai wasiƙar ɗanta wurin mai bishara ya karanta mata, shi kuma ya rubuta amsa. Shi ya sa wasu wasiƙun suka ƙare cikin akwatin malamin majami'a, ba a gidan gwamnati ba. A ganinmu sun fi kowane jawabin rediyo faɗin gaskiyar yaƙin.

Waɗannan takardu sun haura shekara hamsin, gara da ɗigar ruwa ba sa jiran kowa, masu iya gane rubutun kuma suna ta raguwa. Muna roƙon duk mai irinsu ya kawo wa sakataren kwamiti bayan sujada kowace Lahadi. Za a ɗauki hotonsu a gaban mai su, a mayar masa nan take. Wasiƙar da iyali ba sa so a karanta a fili, ba za a karanta ba.