Lacca: Begen Zamanin Da



Duk inda muka zauna, a rumfa ko a ƙofar masallaci, zancen ɗaya ne: "Allah sarki zamanin da!" Ana tuna dalar gyaɗa a Kano, da jirgin ƙasa mai kai ta Ikko, da lokacin da sule yake da daraja. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Gaskiya ne, bana ba daɗi. Amma mu tambayi kanmu, mene ne ainihin abin da muke bege?

Shi bege kamar mai sheƙa yake, ya ajiye tsaba, iska ta tafi da ƙaiƙayi. To, bari mu tattaro ƙaiƙayin. Gyaɗar dalar nan, hukumar ciniki ke yanka mata kuɗi, manomi ba shi da ta cewa. Wanda ya kasa biyan haraji ko jangali, ya gamu da dogarai da 'yan doka. A Kano da Kaduna ba a soke haraji da jangali ba sai 1979. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don ta yi magana. A zaɓen 1959 matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a. Wa ke son wannan ya dawo?

Abin da ya dace mu yi bege shi ne halin mutanen. Ran 8 ga Agusta 1950 mutum 8 suka kafa NEPU a Kano. Tela da mahauci da ɗan koli suka yanki kati da kuɗin aljihunsu, suka tsaya gaban alƙali ba su yi laushi ba, domin sun sa rai gobe za ta fi yau. Wannan sa ran ne muka rasa.

Soja sun naɗe tabarmar wancan zamani a 1966. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983. Kuka ba zai dawo da su ba. Amma hali ba ya shiga kabari. Ranar da aka zo rumfarka da taliya da sabulu a sayi ƙuri'arka, ka ce a kai kasuwa, ranar ka gaji mutanen da. In kuwa ka karɓa, to, ka daina ambaton su.

Allah ya ba mu sawaba, amin.