Maganin Barci Ba Alawa Ba Ne

An ce in faɗi abin da karatun yaƙi da jahilci ya amfana mini. To, ga labari ɗaya.

Bara bayan kaka barci ya ƙaurace mini. Ga bashin kaya, ga zubin adashi, ga kuɗin makarantar yara. Sai wata ƙawata ta kawo mini 'yar kwalba daga Kano, sunan abin melatonin. Ta ce ai ba magani ba ne, irin su bitamin ne, ba ya komai. Ni kuwa ina shan maganin hawan jini, ranar kuma ina mura na sha Piriton. Na haɗa duka na kora da ruwa. Wallahi da safe kaina kamar an ɗora mini dutse, jiri na ɗibata. A rumfata a kasuwar Babura sau biyu ina ba da canjin da ya wuce.

Turancin jikin kwalbar ya fi ƙarfina, amma yanzu na iya rubutu. Na kwafe sunayen magungunan uku a takarda, na kai wa ma'aikaciyar lafiya a asibiti.

Ta ce jikinmu da kansa yana yin melatonin a cikin ƙwaƙwalwa idan duhu ya yi, shi ke sanar da mu lokacin barci. Amma na kwalba magani ne. A Amurka ana sayar da shi a kanti, a Ingila kuwa sai da takardar likita. A 2023 an gwada iri 25 na mai kama da alawa a Amurka, 22 daga ciki abin da ke cikinsu bai yi daidai da abin da aka rubuta ba.

Ga abin da ta ja mini kunne a kai. Kada a haɗa shi da abin da ke sa barci, irin su Piriton da Valium. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai farfaɗiya, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko maganin tsinka jini, ta tambaya tukuna. Mai ciki da mai shayarwa su bar shi. A ɓoye shi nesa da yara, kuma don Allah mu daina ba yaro maganin barci don mu samu mu yi aiki.

Ni dai na daina cin goro da yamma, na kuma kawo maganar bashin gaban ƙungiya aka sassauta mini biya. Barci ya dawo.

'Yan uwa, duk wadda za ta asibiti ta tattara magungunanta a leda, har da na gargajiya, ta nuna. Ta duba lambar NAFDAC kafin ta saya. Wadda ba ta iya karatu ba tukuna, ta kawo mu duba tare, ajinmu kuma a buɗe yake.

Allah ya ƙara mana lafiya da haɗin kai.